Ina ake zaman masu ƙoƙarin barin giya? Wani ɗan'uwa daga Kaduna yana neman hanya

Admin:
Assalamu alaikum. Wannan saƙon ta akwatin sirri ya shigo, mai shi ya roƙi a sakaya sunansa. Duk wanda ya yi zagi ko gori zan goge maganarsa. Ga abin da ya rubuto:

"Admin barka da ƙoƙari. Ni magidanci ne a Kaduna, da mata da yara, kuma ina da aikin yi. Giya na koya lokacin da aiki ya kai ni Fatakwal, na dawo gida da ita. Yanzu abin ya kai idan gari ya waye ban kurɓa ba hannuna karkarwa yake yi. Na sha yin rantsuwa na bari, azumi ya zo in rage, bayan salla in koma ruwa. Matata ta sani, ta rufa min asiri, amma na ga alamar ta gaji. Na ji an ce akwai zaman da masu irin matsalata suke yi su kaɗai, suna ƙarfafa wa juna gwiwa. Akwai irinsa a Kaduna ko kusa da nan? Ta ina ake samunsu? Na san haramun ce, ba sai an tuna min ba. Waɗanda suka shiga suka fita nake nema."

Abu Hafsat:
Allah ya yaye maka ɗan'uwa. Tunda abin yana damunka, akwai sauran imani a zuciyarka. Ka yi wanka, ka yi nafila raka'a biyu, ka tuba, ka fasa kwalbar yau ɗin nan, ka rabu da abokan da kuke zama tare. Ka lazimci sahun farko. Zancen tara mutane ka zayyana musu saɓon da Allah ya rufa maka asiri a kai, ni dai ban gamsu da shi ba.

Sista Ladi:
Malam Abu Hafsat, da girmamawa, ka bar ni in gyara abu ɗaya kafin a yi nisa, domin rai ake magana. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren ƙwaƙwalwa. Mutumin da hannunsa ke karkarwa da safe, jikinsa ya riga ya dogara da giya. Idan ya yanke ta lokaci guda shi kaɗai a ɗaki, karkarwa da gumi da amai suna farawa cikin awa 6 zuwa 24. Wasu farfaɗiya take kama su a cikin kwana biyun farko. Mafi hatsari shi ne abin da ke zuwa wajen kwana na biyu zuwa na huɗu: ruɗewa, gane-gane, zazzaɓi, bugun zuciya ya hau. Wannan yana kisa idan ba a kula ba, kuma a gida sai a ce aljanu ne a kira mai ruƙiyya.

Ɗan'uwa mai tambaya, ka je asibiti, kuma kada ka ɗaga zuwa wata mai zuwa. A Kaduna kana da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa, suna da sashen masu shaye-shaye. Likita zai ba ka maganin da zai riƙe jikinka a kwanakin farko, yana rage shi a hankali, da bitamin B1 saboda giya tana ƙarar da shi kuma rashinsa yana taɓa ƙwaƙwalwa. Wani a kwantar da shi, wani ya riƙa zuwa daga gida. Zaman da kake nema yana da matuƙar amfani, amma bayan wannan yake zuwa, ko tare da shi.

Abu Hafsat:
Ban san haka abin yake ba Sista. To ya tafi asibiti gobe da sassafe, niyyar tubar kuma ya ƙulla ta tun yanzu.

Baban Walid:
Ƙanena, ni na shiga na fita, kuma har gobe ina zuwa zaman. A Abuja nake. Ƙungiyar da ka ji labari sunanta Alcoholics Anonymous, AA ake ce mata. Mashaya biyu ne suka fara ta a 1935 a garin Akron na jihar Ohio a Amurka, ɗaya mai harkar hannun jari, Bill Wilson, ɗaya likitan tiyata, Bob Smith. Abin da suka gano shi ne mashayi yana sauraron mashayi ɗan'uwansa ta yadda ba zai saurari likita ko matarsa ko limami ba, domin ba zai iya yi masa ƙarya ba.

Bari in faɗa maka yadda zaman yake don tsoro ya ragu. Ɗaki ne da kujeru, kamar awa ɗaya ake yi. Ba rajista, ba katin shaida, ba kuɗin shiga. Ana zagayawa da ɗan kwando, mai hali ya saka, marar hali ya miƙa gaba. Sunan farko kawai ake faɗa, kana iya faɗar wanda ba a san ka da shi ba. Wanda ke magana ba a katse shi, ba a yi masa nasiha, labarinsa yake bayarwa. Ranar farko kana iya cewa sauraro ka zo yi, ba wanda zai matsa maka. Sharaɗin shiga ɗaya ne tak: kana son ka daina sha. Akwai zaman da kowa ke iya halarta har da iyali, akwai wanda sai masu matsalar kaɗai. Ba a ce maka ka yi rantsuwar har abada. Na yau kawai ake nema, gobe idan ta zo a sake.

Abin da ya fi yi min amfani ba ma zaman ba ne, lambobin wayar da aka rubuto min ne a ƙarshensa. A cikinsu na sami wanda ya zama jagorana, dattijo ne da ya daɗe da bari. Ranar da albashi ya shiga, ƙafata ta fara jan ni hanyar da na saba, shi nake kira tun kafin in tada mota.

Yadda ake nemowa kuwa, shafin aa.org yana da jerin ofisoshinsu na ƙasashe, kuma akwai jadawalin zaman intanet na Online Intergroup, kusan kowace awa akwai wanda ake yi a wani wuri a duniya. Na ido da ido a Najeriya, ni na Abuja da Legas na sani. Idan ka je Barnawa ka nemi ganin jami'in walwala ko masanin halayyar ɗan Adam, ka tambaye shi kai tsaye: akwai zaman rukuni na waɗanda aka sallama, kuma wace rana? Irin wannan zaman ba a kafa masa allo a bakin titi, a bakin ma'aikata ake jin sa.

Ɗan Fagge:
Baban Walid maganarka ta yi, amma ta mutanen Abuja ce. Mu a Kano tun da aka ƙaddamar da shari'a a 2000 hukuncin mashayi Musulmi bulala 80 ne, ga Hisbah. Wa zai yarda ya zauna a ɗaki da mutum goma ya ce shi mashayi ne? Ko hukuma ba ta zo ba, mutum ɗaya ya fita da maganar, ka rasa auren 'yarka. Shi ya sa mutane ke sulalewa Sabon Gari da dare, su mutu da abinsu a ciki.

Baban Walid:
Gaskiyarka ce, ban raina wannan tsoron ba. Shi ya sa na ambaci na intanet. A Zoom kana iya canza suna, ka kashe kamara, ka sa abin kunne ka zauna cikin mota. Matsalarsa biyu: yana cin data, kuma duk waɗanda na shiga da Turanci ake yi. Na asibiti kuma kai marar lafiya ne a wurin, sirrinka yana ƙarƙashin amanar aikin likita. A Kano kuna da asibitin Dawanau, kuna da sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Sadiq Mai Shadda:
Ni fa ban ga dalilin wannan lallashin ba. Mutum da hankalinsa ya ɗauki kuɗin abincin 'ya'yansa ya kai mashaya, sannan a ce ciwo ne? Haka ake lalata al'umma.

Malam Na Zariya:
Sadiq, ka yi hattara da harshenka. A zamanin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, akwai sahabin da aka sha kawowa saboda shan giya ana yi masa haddi. Wata rana wani ya tsine masa, Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. A wata ruwayar ya ce kada su zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwansu. Duka suna cikin Bukhari. Wanda ya zo da ƙafarsa yana neman mafita, ka kore shi da gori, ina kake so ya nufa in ba mashayar ba?

Sai maganar Malam Abu Hafsat ta tona asiri, wadda tambaya ce ta ilimi kuma ta cancanci amsa. Abin da hadisi ya yi gargaɗi a kai shi ne mai bayyana saɓo, wanda Allah ya suturta shi da dare, gari ya waye yana ba da labari yana alfahari. Wanda ya faɗa wa likita ciwonsa, ko ya faɗa wa malami don neman fatawa, ba ya cikin wannan. A fahimtata, wanda ya faɗa wa amintattun mutane da nadama don su riƙe hannunsa ya fi kusa da na biyun. Sharaɗin shi ne ya tsaya a gwargwadon buƙata, kada zaman ya koma hirar daɗin da aka ji a da.

Kuma mu tuna yadda haramcin ya sauka: aya ta 219 a Baƙara, sannan ta 43 a Nisa'i, sannan ta 90 a Ma'ida ta rufe ƙofa. Hukunci ya riga ya tabbata, ba wanda zai kafa hujja da wannan ya ce zai ci gaba da sha kaɗan-kaɗan. Amma akwai darasi a ciki game da yadda abin yake kama ɗan Adam, kuma sahabbai a cikin jama'a suka bari, kowa yana ganin ɗan'uwansa yana zubar da tasa.

Abu Hafsat:
Na karɓi wannan Malam, Allah ya ƙara ilimi. Saura ɗaya. Na ji an ce a coci ake yin zaman nan, kuma suna da addu'o'insu. Musulmi zai zauna a yi addu'ar wani addini da shi?

Baban Walid:
Ba zan ɓoye maka ba. Da yawa a ɗakunan harabar coci ake yi, domin su ne ke ba da aron wuri da araha, wasu a asibiti ko makaranta. Ƙungiyar ba ta ƙarƙashin wata coci. Matakai 12 da suke bi wajen barin sha suna maganar miƙa lamari ga Ubangiji gwargwadon yadda kowa ya san Shi. Ni da na ji haka, Allah na sani, Shi na nufa. A wasu wuraren suna rufewa da addu'ar Kiristoci, ni sai in yi shiru in yi istigfari, ba wanda ya taɓa ɗaga min gira. Amma na san wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya daina zuwa, kuma ban ga laifinsa ba. Abin da ya dame ni shi ne bai sami wani wurin ba.

Usman Baltimore:
A nan inda nake Musulmi sun yi wannan muhawarar tuntuni. A 1989 suka kafa Millati Islami a wannan garin na Baltimore, suka ɗauki tsarin matakai 12 suka gina shi a kan Alƙur'ani da hadisi. Suna zama a masallatai, suna kuma yi ta intanet, sai dai a lura da bambancin lokaci, mu muna bayan Najeriya da awa biyar ko shida. Akwai kuma SMART Recovery da aka fara a 1994, su ba ruwansu da zancen addini, dabarun sarrafa sha'awa da tunani suke koyarwa. Abin da ke ba ni takaici shi ne masallatanmu na gida suna da kwamitin aure, kwamitin marayu, kwamitin jana'iza, amma wanda giya ko ƙwaya ta kama ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Bitrus Jos:
Ni Kirista ne, kuma abin da kuke faɗa mu ma shi ne a wurinmu, sai dai ta wata fuskar. A nan ba a ɓoye ake sha ba, burkutu a gidan biki, goskolo a lungu, har yaro ya tashi yana ganin ba komai ba ne. Goskolo ta kashe min abokan tasowa, hanta da ƙoda. Ni a wani ɗan rukuni na maza na tsira, wani dattijo ne ya tara mu, muna haɗuwa yammacin Asabar domin lokacin ne ƙafa ke kai mutum. Akwai Musulmi biyu a cikinmu, idan magariba ta yi mukan dakata su yi salla. Shawarata ga mai tambaya, ka zaɓi zaman da ke nesa da unguwarku, kuma kada ka yanke hukunci da zuwa ɗaya. Ranar farko kunya ba ta barin mutum ya ji komai.

Sadiq Mai Shadda:
To wai zaman hira ne zai raba mutum da abin da ya shekara goma yana yi? Mu a unguwarmu gidan mari ake kai irinsu.

Maman Ilham:
Sadiq don Allah kada ka ƙara ba wani wannan shawarar. Ka manta abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa a watan Satumba na 2019? Mutum sama da 300 aka fito da su, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon duka, har da ƙananan yara. Wata na gaba aka sake samun irinsa a Daura. Mu mun taɓa kai ƙanen mijina wani gida irin wannan, ya dawo ba ya magana da kowa, kuma bai rufe wata ba ya koma sha fiye da da.

Ni matar mashayi ce, ko in ce matar wanda ya bari, alhamdu lillahi. Ina so in yi magana da matar mai tambaya idan tana karantawa. 'Yar'uwa, na san wankin kayan da kike yi da dare, na san ƙaryar da kike yi wa yara cewa Baba ba shi da lafiya, na san kiran da kike yi wa wurin aikinsa. Ke ma kina buƙatar waɗanda za ki yi magana da su. Akwai Al-Anon, tun 1951 aka kafa ta saboda iyalan mashaya, matar shi Bill Wilson ɗin tana cikin waɗanda suka fara ta. Ta waya nake shiga nasu. A can na gane ba ni na jawo ba, kuma ƙirga kwalabe da binciken aljihu ba zai warkar da shi ba.

Sista Ladi:
Sadiq, an auna abin. A 2020 cibiyar Cochrane, mai tantance binciken lafiya, ta tattara bincike 27 da suka shafi mutum sama da 10,000, ta samu cewa AA da shirye-shiryen asibiti masu kai mutum gare ta suna yin daidai da sauran hanyoyin da masana ke amfani da su, wajen barin sha gaba ɗaya ma sun fi su. Ba kowa yake yi wa aiki ba, kuma wasu suna zamewa su dawo. Zamewa ba ta nufin an koma farko, a kira jagora a koma zama.

Hajiya Turai:
Akwai wani mai magani da ke talla, ya ce garin magani ne ake barbaɗawa a abinci ba tare da mutum ya sani ba, sai ya tsani giya. Ko matar ta gwada?

Sista Ladi:
A'a Hajiya, don girman Allah kada ta yi. Ba ki san abin da ke cikin garin ba, ga hanta ta riga ta wahala. Akwai maganin asibiti mai suna disulfiram da ke sa mutum ya galabaita idan ya sha giya a kansa, kuma ba a taɓa ba da shi sai da sanin mai shan da yardarsa, domin yana iya taɓa zuciya. Akwai naltrexone mai rage sha'awar. Duka likita ne ke rubutawa bayan ya duba hanta.

Na manta ban faɗa ba, hukumar NDLEA ta buɗe layin kira kyauta a 2022, dare da rana: 0800 1020 3040. Masu ba da shawara ne ke ɗauka, ba sai ka faɗi sunanka ba. Ka nemi a haɗa ka da mai jin Hausa, ka tambayi wurin da ya fi kusa da kai. Na Sakkwato akwai asibitin Kware, na Borno akwai na tarayya a Maiduguri.

Alhaji Nima:
Muna biye da ku daga Ankara ta Gana. Yaranmu na zango asibitin Pantang ake kai su, kuma akwai zaman AA a cikin gari. Matsalar dai ɗaya ce da taku, kunya.

Ɗan Fagge:
To me zai hana mu buɗe namu da Hausa? A yi guruf na WhatsApp yanzu, duk mai so ya turo lamba.

Baban Walid:
Niyyar ta yi kyau, kuma a al'adar AA ko mutum biyu ko uku suka haɗu don barin sha sun zama rukuni. Amma kada a yi gaggawa. A WhatsApp kowa yana ganin lambar kowa, lamba kuma tana kai mutum ga suna da hoto. Mutum ɗaya ya ɗauki hoton hira ya tura wani wuri, an gama da wani bawan Allah. Idan za a yi, a yi da murya, ba rubutu ba, ba naɗi, a manhajar da ke ɓoye lamba. Kada a saka mahaɗin a fili. Duk mai son shiga sai ya yi magana da ɗayanmu tukuna. Mai tallan magani da mai zuwa kallo ba su da wuri. Maza daban, mata daban. Kuma a sami aƙalla mutum biyu da suka daɗe da bari, domin sababbi zalla idan ɗaya ya zame yakan ja saura.

Malam Na Zariya:
Idan kun tsayar da lokaci, ni ba zan shiga zaman ba tunda na masu abin ne. Amma duk wanda ke da tambayar addini, kamar sallolin da suka wuce shi ko yadda zai nemi yafiyar iyalinsa, admin ya ba shi lambata.

Admin:
Mai tambaya ya sake rubutowa: "Na karanta duka, har na Sadiq. Na nuna wa matata, ta yi kuka, ta ce a haɗa ta da Maman Ilham. Ban san karkarwar nan tana da hatsari haka ba. Gobe za mu je Barnawa tare. Baban Walid, idan ka yarda ina so in kira ka daren nan, domin dare ne ya fi yi min wuya."

Baban Walid:
Na yarda ƙanena. Admin ka ba shi lambata yanzu, ba na kashe waya.

Sista Ladi:
Idan ka je ka faɗa wa likita gaskiyar abin da kake sha a rana, da irinsa, da lokacin da ka sha na ƙarshe, da duk wata ƙwaya da kake haɗawa da ita. Da wannan yake auna magani, idan ka rage lissafi kai za ka wahala. Kada ka tuƙa mota da kanka. Idan cikin dare ka fara ganin abin da babu, ko jiki ya fara fizga, kada a jira safiya, a tafi sashen gaggawa mafi kusa.

Admin:
Wasu ma sun rubuto ta sirri suna son shiga zaman Hausar, cikinsu akwai mace daga Gusau da wani ɗalibi daga Maraɗi. Maman Ilham za ta karɓi na mata, Baban Walid da Bitrus na maza. Kada kowa ya ajiye lambarsa a nan ƙasa, ku turo min kai tsaye tare da ranar da ta fi muku sauƙi tsakanin Juma'a da Asabar bayan isha'i.